Tsuntsayenmu ba su da arewar da za su gudu

Jama'a salamu alaikum. Yau ba maganar yaƙi zan yi ba, ba kuma ta tsadar dawa ba, maganar tsuntsaye ce da yadda canjin yanayi yake taɓa su, kuma na san akwai wanda zai ce wannan bawan Allah ya rasa abun yi ne, ƙasa tana cin wuta shi yana ƙirga fukafukai. To a dai yi haƙuri a karanta, ai manomi ya san tsuntsu ba abun wasa ba ne, da shi ake gane shigowar damina, kuma shi ne dai zai iya cinye maka wahalar shekara guda cikin yini biyu.

Mu nan yankin Sinnar na Sudan, tun daga Mai Wurno har ƙauyukan da suka bi gaɓar kogi zuwa Sinja da Damazin, babu yaron da bai san shamuwa ba. Larabawa maƙwabtanmu simbiriyya suke ce mata, kuma su ma kaman mu ba sa jifanta, ba sa taɓa mata ƙwai, ta zo ta tara kirare a kan bishiyar tsakar gida ko kan ɗaki ta ɓata wajen da kashi babu mai ce mata kanzil. Ita ce ƙarama a duk dangin shamuwa, baƙa mai farin ciki, in lokacin hayayyafa ya yi fuskarta ta yi shuɗi da ɗan ja kusa da ido, ƙwai biyu zuwa uku take yi. Har sunan da masana suka sa mata a littattafansu, Abdim, na wani gwamna ne na zamanin Turkawa a arewacin Sudan, kun ga ke nan 'yar gida ce. Rayuwarta gaba ɗaya bin ruwa ce. Tana hayayyafa a wannan ɗamarar tamu daga Senegal har Bahar Maliya a watannin damina, in ruwa ya ɗauke ciyawa ta bushe sai ta tafi cin rani, ta tsallaka can kudu inda damina take farawa lokacin da tamu ta ƙare, su Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu. An taɓa maƙala wa wasu na'ura a Nijar aka bi su ta tauraron ɗan adam har Tanzaniya. Kuma ba ruwan take sha'awa ba, abun da ruwan ke fitarwa take bi, fara da tsutsa da shinge, domin da su take ciyar da 'ya'yanta.

Wani baffana da ya haura shekara 80, wanda har yau da taurari yake lissafin damina irin na manoman ƙasar nan, Natra da Tarfa da Jabha kowanne da kwanakinsa 13 ko kusa da haka, na tambaye shi nace Baffa, shamuwar yanzu da ta da ɗaya ce? Sai ya yi dariya yace ɗana, shamuwa ba ta canza ba, sama ce ta canza, da in ta sauka ka fara gyaran gona don hadari na bayanta, yanzu kuwa sai ta zo ta zauna a kan bishiya tana jira kaman kowa. Abokinsa da suke zaune tare a rumfa yace ina, ai ita ma ta lalace, wata shekarar sai an yi yayyafin farko take zuwa. Suka yi ta musu har shayi ya huce, kuma babu mai raba su tunda babu wanda ya taɓa rubuta ranar zuwanta a takarda.

Turawa kuwa sun rubuta, kuma nan ne labarin yake da daɗin bi. A kusa da birnin Oksfod na Ingila akwai wani daji da ake kira Waitam, tun 1947 masana suke bin wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da rawayan ƙirji a cikinsa, sun rataya masa akwatuna a jikin itatuwa yana sheƙa a ciki, duk shekara a leƙa a rubuta ranar ƙwan farko, ƙwai nawa, nawa aka ƙyanƙyashe, nawa suka tashi. Malami ya mutu ɗalibinsa ya ɗora, haka har yau. Da aka zo aka duba lissafin daga 1961 zuwa 2007 sai aka ga tsuntsun ya matso da lokacin ƙwansa gaba da kusan kwana 14. Dalili kuwa, can sanyi ne yake riƙe komai, in ya saki sai itatuwa su yi toho, tsutsa ta fito ta ci sabon ganye na 'yan makonni kawai sannan ta ɓace, to dole tsuntsu ya auna yadda 'ya'yansa za su buɗe baki daidai lokacin da tsutsar ta fi yawa. Ɗumi ya riƙa zuwa da wuri, toho ya zo da wuri, tsutsa ta zo da wuri, shi ma da yake ɗan gari ne yana nan yana jin yanayin a jikinsa sai ya bi su. Ya tsira, aƙalla zuwa yanzu.

Wanda ya sha wuya shi ne baƙo. Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi da fari mai cafke ƙudaje a iska, yana hayayyafa a Holan da maƙwabtanta amma lokacin sanyinsu yana Afirka ta Yamma, a dazuzzukan da ke kudu da ƙasar Hausa ta kakanninmu. Shi yana can dubban kilomitoci, ta ina zai san wai bana ɗumi ya sauka da wuri a Holan? Agogon jikinsa kawai yake bi ya tashi a lokacin da iyayensa suka saba tashi, ya tsallake hamada da teku, ya iso ya tarar an ci an watse. Binciken da aka fitar a 2006 ya nuna a dazuzzukan da tsutsa ta fi saurin fitowa, yawan wannan tsuntsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a ƙasa da shekara 20, inda kuma tsutsar take jinkiri bai ragu sosai ba. Ba wanda ya harbe shi, ba wanda ya sare masa daji, lokaci ne kawai ya goce.

Sai kuma maganar matsawa. In wuri ya yi wa tsuntsu zafi sai ya nemi inda ya fi sanyi, a Turai kuwa sanyi yana arewa ne ko saman dutse. Wani babban lissafi da aka yi a ƙasashen Turai daga 1990 zuwa 2008 ya nuna zafin da kansa ya matsa arewa da kilomita 249, wato yanayin da ake samu a wani gari a da, yanzu sai ka ƙara gaba da wannan nisan za ka same shi. Malam-buɗe-littafi ya bi shi da kilomita 114, tsuntsaye kuwa duk da fukafukansu kilomita 37 kacal suka matsa. Ragowar, sama da kilomita 200, masanan suka ce bashi ne yanayi yake bin tsuntsaye. Kuma ba wai tsuntsu ɗaya ne yake ɗaukar kaya ya ƙaura ba, a'a, a kowane daji ne masu son ɗumi suke ƙaruwa a hankali masu son sanyi suna raguwa, har taron tsuntsayen wurin ya zama wani iri daban da wanda aka sani. Wasu ma sun daina tafiyar gaba ɗaya, farar shamuwar Turai wadda 'yan uwanta na gabas suke ratsowa ta Masar su sauka mana a nan, a Fotugal waɗanda suke zama ba su tafi ba lokacin sanyi sun tashi daga dubu ɗaya da ɗoriya a 1995 zuwa kusan 14,000 a 2015, sanyi ya yi sauƙi ga bola cike da abinci, me zai kai su tsallaka Sahara.

To duk wannan labarin Turai ne, kuma abun da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kwaso shi a ɗora mana kaman matsalarmu ɗaya. Ba ɗaya ba ce. Tsuntsun Faransa in zafi ya dame shi yana da Jamus, yana da Suwidin, yana da duwatsu. Tsuntsun Sinnar fa? Ya yi arewa ya wuce Khartoum ya wuce Shandi da Atbara, me zai tarar in ba rairayi da rana ba, Dongola ce fa aka auna digiri 49.7 a watan Yuni na 2010. Can ɗumi yana zuwa ne a kan sanyi, har wasu tsuntsayen su ji daɗinsa. Mu nan yana zuwa ne a kan zafin da dama ya kai maƙura, ɗan ƙarin digiri ɗaya ko biyu da ake faɗa a rediyo kaman ba komai ba, a jikin tsuntsu shi ne tsakanin rai da mutuwa. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tunda aka fara aunawa, kusan digiri 1.55 sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu, kuma wannan matsakaici ne na duniya har da tekuna, tudu ya fi haka.

Tsuntsu ba ya gumi. Jikinsa dama yana kan digiri 40 zuwa 42 ne, in iska ta kai haka ko ta wuce ba shi da inda zai zubar da zafi sai ta haki, ya buɗe baki maƙogwaro na kaɗawa, kuma duk hakin da zai yi ruwan jikinsa ne yake fita. Duk wanda yake da randa a rumfa, wadda muke cewa zir, ya ga wannan da idonsa a watan Afrilu da Mayu. Wajen ƙarfe biyun rana, ƙasan randar inda ruwa ke ɗiga ya jiƙa ƙasa, za ka ga ƙananan tsuntsaye sun taru, baki a wangale, fukafukai a sake sun ɗan ɗaga su daga jiki, suna manna ciki da danshin, ka matso har ka kusa taka su ba za su tashi ba, sai dai su ɗan ja gefe suna kallonka. Wannan tsuntsun da ke kwance a ƙarƙashin randa ba ya kiwo, in kuwa yana da 'ya'ya a sheƙa to su ma ba su ci ba. Kowanne da dabararsa dai. Shamuwa kashi take yi wa ƙafafunta don in ya bushe ya sanyaya jini, shi ya sa za ka ga ƙafar ta yi fari fat. Ladin kogi, ɗan tsuntsun nan na bakin yashi, binne ƙwansa yake yi a rairayi sannan ya riƙa zuwa yana jiƙa gashin cikinsa a kogi yana dawowa yana jiƙa wurin, yini guda yana wannan safarar. Kurciyoyi su Allah ya ba su sauƙi, suna iya fitar da ruwa ta fata don haka sun fi ƙananan tsuntsaye jurewa, matuƙar dai akwai inda za su sha.

Amma dabara tana da iyaka, kuma an auna iyakar. A hamadar Kalahari ta Afirka ta Kudu akwai wata 'yar uwar cilakowa mai rawayan baki, halinsu ɗaya da tamu, macen tana shiga kogon itace ta liƙe ƙofar ta bar 'yar tsaga, ta zubar da gashin fukafukanta a ciki, namijin ne zai yi ta jigilar abinci yana miƙa mata ta tsagar har 'ya'ya su girma. Masana sun bi su daga 2008 zuwa 2019. A shekarun farko kashi 52 cikin 100 na akwatunan da aka rataya musu ana sheƙa a ciki, a shekarun ƙarshe kashi 12. Sheƙar da take fitar da ɗa ko da guda ɗaya ta faɗo daga kashi 58 zuwa kashi 17. Kuma suka lura duk lokacin da matsakaicin zafin rana ya wuce digiri 35.7 a tsawon kwancin, babu sheƙa ko ɗaya da ta yi nasara. Digiri 35.7 fa jama'a, wanda mu a nan in aka samu haka a bazara cewa muke yau gari da sauƙi. Namijin ne yake kasawa, zafi ya hana shi kiwo, abun da yake kawowa ya ragu, uwa ta rame 'ya'ya su tsumbure. Manyan ba sa faɗuwa matattu a gabanka balle ka ce ga annoba, suna nan suna kuka a kan itace, 'ya'ya ne kawai babu, sai wata rana ka farga rabonka da jin cilakowa an daɗe.

Haka aka gani a hamadar Mohabi ta Amurka, inda aka koma wuraren da wani masani ya ƙirga tsuntsaye tun farkon ƙarni na 20 aka sake ƙirgawa, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna kowane wuri ya rasa kusan kashi 43 cikin 100 na ire-iren tsuntsayensa, kuma da yawan wuraren nan gandun gwamnati ne da ba a noma ba a sara. Inda akwai ruwa a fili asarar ta yi sauƙi. Wanda ya ƙaru a cikinsu sosai shi ne babban hankakan can, mai cin komai mai bin mutane.

Wannan ya kawo ni kan jan baki, zarzur inji mutanen Gadarif ta gabashin Sudan, domin in ana rabon asara shi riba yake ƙirgawa. An ce shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da biliyan ɗaya da rabi. Ba shi da gari ba shi da ranar zuwa, inda ruwa ya sauka ciyawa ta yi 'ya'ya nan ne gidansa, ya sauka a sarƙaƙiyar ƙaya miliyoyi su saƙa sheƙa cikin 'yan kwanaki, kwanci kwana 10 ko da ɗan ɗori, kafin wata ɗaya da rabi an gama an tashi, in wani wurin ya samu ruwa a je a sake. Damina mai rikici, yau ambaliya gobe fari, ita ce daidai da shi. In kuma ciyawar daji ta gaza sai ya faɗo gona, kaman yadda aka gani a Kenya a farkon 2023 bayan dogon farin nan, har gwamnati ta yi shelar kashe kusan miliyan 6 saboda shinkafa. Wanda ya taɓa tsaron dawa a lokacin da take madara ya san abun, tun asuba yara suna kan dakali da gwangwani da majajjawa, murya ta dishe, garken ya taso kaman ba zai ƙare ba ya sauka can ƙarshen gona inda jifa ba ya kaiwa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Maganin da hukuma ta sani shi ne feshi da jirgi a makwancinsu da daddare, kuma gubar ba ta tambayar suna, shirwa da mujiya da duk abun da ya ci gawar shi ma ya tafi.

Kar kuma a ɗora wa zafi komai, wannan ma wata hanyar wanke hannu ce. Tun tsakiyar shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a Gadarif ake tumɓuke daji, dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina a itatuwa, kashi 5 a gonar ban ruwa, ku je ku duba da idonku ku ga nawa aka bari. Yanzu kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa gas ya yi wuya, kowa ya koma gawayi da ice, bagaruwa da aduwa da ɗakwara suna ta tafiya a buhu, har gandun Sunut na Khartoum da aka killace shi tun zamanin Turawa saboda tsuntsaye gatari bai ƙyale shi ba. Ban ga laifin uwar da take neman abun dafa wa yara ba wallahi. Amma inuwar itace da tsakar rana ta fi fili sanyi nesa ba kusa ba, kuma kogon da cilakowa take buƙata sai a tsohon itace ake samunsa, to ka ƙara zafi sannan ka ɗauke inuwa, duka biyu ke nan a wuri ɗaya. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a wannan karon dai wanda bai ja komai ba shi ake doka.

Wani abu da ya kamata mu riƙa tunawa, a bazarar 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila sun wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya cika musu shingaye ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara ɗaya. Suka yi ta neman dalili a gida ba su gani ba, sai daga baya aka gano ruwa ne ya gaza a yankin Sahel inda yake zama lokacin sanyinsu. Wato tsuntsu ya kai musu labarin farinmu shekaru kafin duniya ta ga hotunan yunwar 1973, balle ta 1984 da iyayenmu a nan har yau suke ba da labarinta. Su sun ji saƙon ne saboda suna da lissafin bara da na bana. Mu kuwa babban aikin taswirar tsuntsayen Sudan da har yanzu masana suke komawa gare shi na 1987 ne, tun ƙasar tana haɗe da Kudu.

Kuma abun ba ya buƙatar digiri ko kuɗin ƙungiya. Malamin firamare ɗaya a Mai Wurno, ɗaya a Gadarif, ɗaya a Kassala, kowa da littafi na rubutu, ranar da shamuwa ta fara sauka, sheƙa nawa a unguwa, a kan wane itace, ranar ruwan farko da ya jiƙa ƙasa, ranar da aka ga 'ya'ya sun tashi, ranar da jan baki ya fara faɗowa dawa. Yara ma za su yi shi da murna in aka sa su. Manomanmu dai tuni suka yi nasu gyaran ba tare da sun jira kowa ba, da yawa sun koma irin dawa mai saurin nuna kaman Arfa Gadamak saboda damina ta daina cika alƙawari, kuma wanda ya shuka mai sauri shi kaɗai a tsakiyar masu jinkiri ya san abun da ke biyo baya, gonarsa ce take fara yin madara, ita jan baki zai fara sauka. Shi ya sa a wasu ƙauyukan ake zama a yi shawara a shuka iri ɗaya a mako ɗaya, don in garken ya zo ɓarnar ta rabu a kan kowa.